Jirgin da ke gudu bisa fatar ruwa: ta yaya kwamfuta ke lissafa tsallensa?

Wani ɗalibi da ke digiri na biyu a fannin lissafi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, na je madatsar Goronyo na ga ƙaramin jirgi mai inji a baya, irin wanda ake ce wa fulayin bot, ya ɗaga kai yana gudu yana dukan ruwa tim-tim, har na ciki sai sun riƙe kujera. Ina so in yi bincikena a kan yadda za a lissafa wannan motsi a kwamfuta. An ce mini sai da CFD da babbar kwamfuta, ni kuwa laftof ɗaya gare ni. Ta ina zan faro?"

Ɗana, laftof ɗinka ya ishe ka, kuma kada ka faro daga CFD, wato kwaikwayon motsin ruwa dalla-dalla a kwamfuta. Zan gaya maka dalili, amma sai mun fara bambanta wannan jirgi da kwale-kwalen katakon da Sarkawa ke tuƙawa a gulbin Rima, domin a nan duk wahalar lissafin take.

Kwale-kwale yana zaune ne a cikin ruwa. Abin da ke riƙe da shi shi ne ruwan da ya ture, wanda nauyinsa ya yi daidai da nasa, ko yana tsaye ko yana tafiya. Idan ya fara gudu sai ya haifar da igiyar ruwa ta kansa, kuma tsawonta na ƙaruwa da gudunsa, har a kai inda igiyar ta yi daidai da tsawon jirgin, ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara da hannunsa. Injiniyan Ingila William Froude, wanda ya yi gwaje-gwajensa a tafkin gwaji a garin Torquay a shekarun 1870, shi ya bar mana ma'aunin wannan al'amari. Ka raba gudun jirgi, V, da √(gL), inda V yake a mita a daƙiƙa, g yake ma'aunin jan ƙasa, 9.81, L kuma tsawon jirgin a mita. Tudun nan yana fara tsayawa a gaba idan lambar ta kai wajen 0.4. Ga jirgi mai mita 7, wannan mita 3.3 ke nan a daƙiƙa, kusan kilomita 12 a awa. Kwale-kwale mai lodi ba ya wuce nan da yawa, ko an ƙara masa inji.

Jirgin da ka gani kuwa mara nauyi ne, ƙasansa shimfiɗaɗɗe, bayansa a datse, injinsa da ƙarfi. Yana haye tudun ya fito ya hau fatar ruwa, kamar tsingaron da yara ke jefawa a kwance yana tsalle a kan tafki. Zan riƙa kiran wannan yanayi zamiya. A cikin zamiya, mafi yawan nauyin jirgi yana kan matsin da ruwa ke yi wa ƙasansa saboda gudu, kuma ma'aunin wannan matsi shi ne ½ρV², inda ρ yake nauyin ruwa a kowace mita kubik. A mita 3 a daƙiƙa, ya kama kwatankwacin nauyin kilo 460 a kan kowace murabba'in mita. A mita 15 a daƙiƙa, wato kilomita 54 a awa, ya haura tan 11. Gudu ya ninka sau 5, matsi ya ninka sau 25. Ba duk ƙasan jirgin ke samun wannan matsi cikakke ba, siririn wuri ne kusa da inda ruwa ke fara taɓa shi, amma ka ga dalilin da ya sa ruwa ke zama kamar daɓe ga mai gudu.

Yanzu ka kawo igiyar ruwa. Babban jirgin dakon kaya a teku, idan igiya ta ninka tsayi, motsinsa ma kusan ninkawa yake yi, shi ya sa ake iya lissafa kowace igiya daban sannan a tara amsoshin. Jirgin zamiya bai san wannan ƙa'ida ba. Ɓangaren da ruwa ke taɓawa a ƙasansa yana sauyawa cikin ƙiftawar ido: yanzu rabin tsawonsa ne, an jima kaɗan gindinsa kawai, wani lokaci ma ya bar ruwan ɗungurungum ya sake faɗowa. Tashinsa da laushi, saukarsa da duka. Saboda haka babu gajeriyar hanya, dole ka bi jirgin taki-taki a cikin lokaci, kana sake lissafa ƙarfin da ke kansa a kowane ɗan taki.

Ka kuma lura da yawan bugun. A ruwa mai zurfi, tsawon igiya a mita ya kai 1.56 sau T², inda T yake daƙiƙun da ke tsakanin tudu da tudu. Igiya mai daƙiƙa 2.5 tsawonta ya kusa mita 10, tana tafiyar mita 3.9 a daƙiƙa. Jirgin da ya tunkare ta da mita 15 a daƙiƙa zai ci karo da sabon tudu kowane rabin daƙiƙa. Tim-tim ɗin da ka ji ke nan.

Mataki na farko, a kwantaccen ruwa za ka yi shi. A 1964 Daniel Savitsky na ɗakin gwajin Davidson, a Cibiyar Fasaha ta Stevens da ke New Jersey a Amurka, ya tattara gwaje-gwajen shekaru ya fitar da wasu 'yan ƙa'idoji da har yau masu zana ƙananan jirage ke farawa da su. Ka ba su faɗin jirgi, nauyinsa, inda tsakiyar nauyin take, gudunsa, da kwanar ƙasansa, su kuma su ba ka yadda zai ɗaga kai, tsawon da zai jiƙe, da ƙarfin da inji ke buƙata. Kwanar ƙasa da nake nufi ita ce yadda ƙirjin jirgi ya tashi daga tsakiya zuwa gefe kamar harafin V. Sifili na nufin shafaffe kamar faranti. Wannan lissafi a Excel ma yana yiwuwa, cikin mako guda. Za ka ga jan ruwa, wato tirjiyar da ruwa ke yi wa jirgi, ya fi sauƙi idan ɗaga kan bai yi nisa da digiri 4 zuwa 5 ba, za ka kuma ga abin da matsar da fasinjoji biyu gaba ko baya ke yi wa jirgi. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan, domin duk abin da za ka gina nan gaba, idan ka kashe masa igiya, dole amsarsa ta dawo kusa da ta Savitsky. In ba ta dawo ba, akwai kuskure a cikin aikinka.

Mataki na biyu shi ne zuciyar binciken, kuma a nan nake so ka daɗe. Asalin dabarar ba daga jiragen ruwa ta fito ba, daga jiragen sama masu sauka a kan ruwa ta fito. A 1929 Theodore von Kármán ya lissafa dukan da ƙafafun irin waɗannan jirage ke sha yayin sauka, ya ɗauke su a matsayin tsini mai siffar V da ke faɗawa ruwa. A 1932 Herbert Wagner na Jamus ya gyara lissafin da abin da ido ma ke gani: idan tsinin ya nutsa, ruwa ba ya tsayawa a inda yake, yana hawa gefen, har faɗin da ya jiƙe ya ninka wanda za ka auna da rula sau π/2.

To me ya haɗa faɗawar tsini da jirgi mai gudu? Ka ƙaddara an kafa wani siririn labule a tsaye a cikin ruwa, a gicciye da hanyar jirgin, ba ya motsi. Jirgi ya zo ya ratsa shi. Da yake jirgin ya ɗaga kai, abin da labulen zai gani shi ne wata V da ta fara taɓa ruwa da bakinta, tana nutsewa tana faɗaɗa, har gindin jirgi ya wuce ta ɓace. Ke nan zamiya kanta faɗawa ruwa ce da ba ta ƙarewa, kowane yanki na ruwa yana shan nasa dukan sau ɗaya. Sai ka yanka jirgin gaɓa-gaɓa kamar rake, gaɓa 40 ko 50, ka lissafa ƙarfin da ke kan kowace gaɓa a matsayin V mai shiga ruwa, ka tara. Wannan ita ce hanyar da Ernest Zarnick na cibiyar binciken jirage ta David Taylor, ta rundunar sojan ruwan Amurka, ya tsara a 1978 don igiya mai tsari, ya faɗaɗa ta a 1979 zuwa igiya mai hargitsi.

A kowace gaɓa ƙarfi uku ne. Babbansu yana fitowa daga abin da nake kira ruwan goyo. Duk abin da ke motsi a ruwa sai ya ja wani ruwa tare da shi, kamar uwa da ɗanta a baya, kuma nauyin wannan goyo a kowace mita ta tsawon jirgi ya kama k·(π/2)·ρ·b², inda b yake rabin faɗin da ya jiƙe, k kuma ɗan gyara ne da ya dogara da kwanar ƙasa. Ƙarfin shi ne saurin canjin abin da ake samu idan an ninka goyon nan da gudun nutsewa. Ka lura, ba gudun kaɗai ke canzawa ba, goyon ma yana girma yayin da b ke faɗaɗa, kuma girman nan nasa farat ɗaya shi ne dukan. Da zarar ruwa ya kai kaifin gefen jirgi, inda ƙirji ya haɗu da bango, b ya daina ƙaruwa, ƙarfin ya faɗi. Na biyu shi ne jan da ruwa ke yi yayin da yake kewaye gaɓar. Na uku shi ne turin ruwa irin na kwale-kwale, wanda Zarnick ya rage shi zuwa rabi, domin a cikin zamiya ruwa yana barin gindi da gefen jirgi a bushe. Wannan rabi ba daga wata ƙa'ida ya fito ba, gyara ne don a dace da gwaji, kuma ya kamata ka faɗi haka ƙarara a cikin kundinka. Daga baya Karl Garme na jami'ar KTH a Sweden ya kawo gyara mafi kyau ga yankin gindi, inda dole matsi ya sauka ya koma na iska a daidai bakin datsen.

Idan ka tara ƙarfin gaɓoɓin, ka tara kuma juyin da suke yi wa jirgi a kan tsakiyar nauyinsa, sai dokar Newton ta biyu ta ba ka lissafi biyu masu haɗe da juna, ɗaya na hawa da sauka, ɗaya na ɗaga kai da sunkuyar da shi. Da farko ka bar gudun gaba a tsaye, ba ya canzawa. Ka warware su da hanyar Runge-Kutta da kuka karanta a aji uku, a Python ko Octave, waɗanda duk kyauta ne. Abu ɗaya da ke kayar da ɗalibai a nan: ruwan goyo yana da ɓangaren da ke ninka hanzarin jirgin kansa, wato saurin canjin gudunsa, wannan ɓangare dole ya koma hagun lissafin ya haɗu da nauyin jirgin, kuma a sake lissafa shi a kowane taki. Wanda ya bar shi a dama zai ga amsarsa ta fashe, ya yi ta zargin kwamfuta.

Lissafin Wagner yana nuna wani abu da nake so kowane mai ƙera jirgi a ƙasar nan ya sani. Ƙololuwar matsi yayin faɗawa tana tafiya da murabba'in π/(2·tanβ), inda β take kwanar ƙasa. A digiri 10 lambar ta kusa 79, a digiri 20 ta kusa 19, a digiri 30 ba ta kai 8 ba. Daga 10 zuwa 20 kawai, dukan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ka mari ruwa da tafin hannu, sannan ka sare shi da gefen hannu, jikinka zai gaya maka. Sai dai ƙirji mai tsini yana cin mai, domin ba ya ɗaga jirgi kamar shafaffe, kuma yana buƙatar ruwa mai ɗan zurfi. Tsakanin man fetur da ƙashin bayan fasinja ake cinikin zanen jirgi.

Ta yaya za ka san amsarka gaskiya ce? Da gwaje-gwajen Gerard Fridsma, shi ma a ɗakin gwajin Davidson: a 1969 cikin igiya mai tsari, a 1971 cikin mai hargitsi. Ya ja ƙananan samfurori masu kwanar ƙasa digiri 10, 20 da 30, da gudu daban-daban da lodi daban-daban, ya auna hawa da sauka, ɗaga kai, jan ruwa, da hanzari a goshi da tsakiya. Kusan duk wanda ya rubuta irin manhajar da za ka rubuta, da waɗannan alƙaluma ya auna kansa. Siffar samfurorin mai sauƙi ce, za ka iya shigar da ita da 'yan layuka. Abin da za ka tarar shi ne hawa da sauka da ɗaga kai suna fitowa da kyau, amma ƙololuwar hanzari tana ba da wahala, musamman a goshi. Dukan yana faruwa cikin ɗan guntun daƙiƙa, don haka ka riƙa rage girman taki kana ƙara yawan gaɓoɓi har sai amsar ta daina motsi. Za ka kuma ga tsallen ya fi muni idan tsawon igiya ya ninka na jirgi wajen sau biyu zuwa huɗu, gwargwadon gudu. Gajeren igiya girgiza yake kawowa, dogon igiya sosai kuma jirgin bin sa yake yi a hankali.

Wani abu da manhajarka za ta iya nunawa ko babu igiya ko ɗaya: idan nauyi ya koma baya da yawa kuma gudu ya yi yawa, jirgi yana fara tsalle da kansa, kai sama kai ƙasa, ba ya dainawa. Masu bincike Day da Haag sun auna iyakar wannan a 1952. Maganinsa a rage ɗaga kai, ko da matsar da kaya gaba ko da gyara kwanar inji. Direbobin jirgi sun san haka da jikinsu tun kafin mu rubuta shi.

Sai CFD. Ba na raina ta, da ita ake ganin abin da hanyar gaɓoɓi ba ta gani: feshin ruwa, jirgi mai mataki a ƙasa, igiya daga gefe, kwanciyar jirgi a kwana. Ana yanka ruwa da iskar da ke kewaye da jirgi zuwa ƙananan akwatuna kamar idon koma, a warware lissafin motsin ruwa na Navier-Stokes a kowanne, a kuma bi iyakar ruwa da iska da dabarar da Hirt da Nichols suka wallafa a 1981, wadda ke riƙe da kason ruwan da ke cikin kowane akwati. Cikin manhajojin CFD, OpenFOAM kyauta ce, STAR-CCM+ ta kuɗi ce. Amma yi lissafin kuɗin lokaci. Akwati mai santimita 2, ruwa na wucewa da mita 15 a daƙiƙa, takinka bai kamata ya wuce wajen 0.0013 na daƙiƙa ba. Minti ɗaya na tafiyar jirgi taki 45,000 ke nan, kowane taki a kan miliyoyin akwatuna. Laftof a zafin Sakkwato na watan Afrilu, ga ɗaukewar wuta, ba zai kai ka ba. Hanyar gaɓoɓi kuwa za ta yi maka wannan minti ɗaya kafin ka gama shan shayi, kuma igiya mai hargitsi tana buƙatar ɗaruruwan karo kafin a yi maganar matsakaicin manyan duka, irin kashi ɗaya cikin goma mafi tsanani.

Akwai kuma tarkon da na gani da idona a aikin wani ɗalibi. Ya kawo hotuna masu launi gwanin sha'awa, amma jan ruwan da ya samu ya yi ƙasa da na gwaji sosai. Da muka juya jirgin muka duba ƙasansa, sai ga iska ta kwanta a ƙarƙashi, iskar da babu ita a zahiri, lissafin ne ya shigar da ita saboda akwatunan da ke bakin ruwa sun yi girma. Wannan matsala sananniya ce a CFD na jiragen zamiya. Abin da ya ba ni takaici shi ne ya kwashe watanni bai gane ba, domin ba shi da wata amsa mai sauƙi a hannu da zai kwatanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda aikinka zai zama naka, ba maimaicin na Amurka ba, shi ne ruwanmu. Ma'aunan igiya da ke cikin littattafai, na Pierson da Moskowitz na 1964 da JONSWAP na 1973, daga teku aka samo su, na biyun daga Tekun Arewa na Turai. JONSWAP ya fi kusa da mu, domin an gina shi ne a kan igiyar da iska ba ta samu doguwar tafiya a kan ruwa ba, kuma haka madatsa take, ko Goronyo ko Bakolori ko tafkin Kainji wajen Yawuri. Igiyarmu gajeriya ce mai tsini, ta iskar hunturu daban, ta gaban hadarin damina daban. Sannan zurfi. Lissafin ruwa mai zurfi yana aiki ne idan zurfin ya haura rabin tsawon igiya. A gulbi ko bakin madatsa da rani, inda ruwa bai fi mita 2 ba, igiya ba ta iya wuce √(gh), inda h yake zurfin ruwa, wato mita 4.4 a daƙiƙa, kuma jirgin da ke ratsa wannan gudu yana fuskantar wani tudun na daban. Samfurin Zarnick bai san da wannan ba sai ka koya masa.

Kuma a yi gaskiya: haɗarurrukan da ke cinye mana rayuka a Sakkwato da Kabi, mafi yawansu na kwale-kwalen kasuwa ne da aka cika maƙil, babu rigar kariya, ba na jiragen zamiya ba. Amma duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya katse hanyar jami'arku, ya san ranar buƙatar jirgin ceto mai sauri tana zuwa. Jirgin ceto kuwa da lodi yake dawowa, da mutane jiƙaƙƙu a tsorace suna taruwa gefe ɗaya. Mutum nawa zai ɗauka kafin ya kasa haye tudu ya koma ja da gindi? A wane gudu dukan goshi zai fi ƙarfin tsoho ko mace mai ciki? Waɗannan tambayoyi manhajarka za ta iya amsawa, kuma amsar tana da amfani ga hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, da masu agajin gaggawa.

Don haka bayan ka daidaita da Fridsma, ka koma Goronyo da tef. Ka nemi izinin masu wurin, ka gaida Sarkin Ruwa, ka auna jirgin da ka gani: tsawo, faɗi a kaifin gefe, kwanar ƙasa a wurare uku ko huɗu, nauyin inji da tankin mai da inda kowa ke zama. Ka kafa gora mai alamun santimita a cikin ruwa ka ɗauki bidiyonta na minti goma, daga nan za ka ƙirga tsayin igiya da tazararta. Wayarka tana da ma'aunin hanzari, manhajar phyphox ta Jami'ar Aachen tana karanta shi kyauta. Ka ɗaure wayar tam a jikin jirgi, kada a riƙe ta a hannu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a goshi in ka samu aro, ka tace girgizar inji daga alƙaluman kafin ka kwatanta, ka kuma duba iyakar abin da wayar ke iya aunawa, domin babban duka yana iya wuce ta. Ka sa rigar kariya, kai da direba. Idan ka gama lissafin Savitsky, turo mini ɗaga kan da ka samu a mita 10 da mita 15 a daƙiƙa, mu duba tare kafin ka fara yankan gaɓoɓi.